Ɗan Tunkiya Mai Ido Ɗaya a Bayan Ka'akiyya

Mu bakwai muka sauka Jidda a hannun dillali ɗaya. Shida an kwashe su tun a bakin filin jirgi, ni kuwa na zauna a kan jakata daga hantsi har la'asar. Sunana Sa'idu, mutumin Maigatari ne ni, sana'ata turka raguna. Dillalin ya ce mini shara zan riƙa yi a wani otal da ke kallon Harami, in na tashi aiki in taka da ƙafata in yi ɗawafi. Wannan maganar ce ta sa na bar mata da 'ya'ya uku da tsohon mahaifina.

Wanda ya zo ɗaukata direban tasi ne, baƙi kamar ni. Ya ce kakansa Bakano ne, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "zo mu tafi" ba. Ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun mota, kuma ban sake riƙe shi ba sai ranar da zan bar ƙasar.

A Hindawiyya, wata unguwa a Makka, ya sauke ni, a wani gida mai hawa uku da ke cikin lungu. Ɗaki ɗaya muke kwana mu tara, da 'yan Nijar da 'yan Chadi da wani Bazazzagi. Kowa jiran kafilinsa yake yi, wato Balaraben da takardar zamansa take hannunsa. Ba wanda yake tambayar wani labarinsa. Da rana muna jin hon ɗin tasi da kiran masu talla, in an kira salla mu sauka masallacin lungu mu dawo.

A ƙasan gidan akwai wata tsohuwa mai sayar da tuwo da miyar kuka, ana kiranta Hajja Mairo. A Makka aka haife ta, iyayenta da ƙafa suka zo daga Katsina. Ranar da aka kawo mini ikama, katin zama ke nan, na kai mata ta karanta mini don ba na gane rubutun da babu wasali. Ta ɗaga katin kusa da idonta, ta dube ni.

"Ɗan nan, wa ya ce maka otal?"

"Dillalin da ya kawo mu, Hajja."

"To nan ra'i aka rubuta. Makiyayi. Tumaki za ka yi kiwo, ya waladi."

Na yi dariya, don ban ga abin da zan yi ba. Na bar tumaki a gida na hau jirgi na zo wajen tumaki. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in tashi yanzu in je in yi Umara tun ba a zo ɗaukata ba, domin wanda ya shiga garke ba ya fitowa da wuri. Ta ba ni aron haramin marigayi mijinta, ta haɗa ni da wani mai tasi. Na yi Umarata a ranar. Da zan tafi ta cika mini gwangwanin madara da garin yaji, ta ƙi karɓar komai.

Kafilina sunansa Abu Nayif, mutum ne mai ƙiba da saurin magana. Ya ɗauke ni a motar ɗaukar kaya muka wuce kasuwar tumaki ta Ka'akiyya, muka bar kwalta, muka bi wata hanyar tsakuwa tsakanin duwatsu. Garken nasa shinge ne na bulo da rumfunan kwano, tumaki sun haura ɗari biyu. Ɗakina akwatin ƙarfe ne irin na jirgin ruwa, an fasa masa taga. Kusa da shi akwai wani irinsa da ake ajiye buhunan sha'ir, abincin tumakin. Ya nuna mini tankin ruwa da tiyo, ya nuna mini alƙibla, ya tafi.

Aikin na iya shi. Da asuba in zuba sha'ir, in cika kwamin ruwa, in kwashe taki, in ware marasa lafiya. Duk bayan kwana biyu Abu Nayif yakan zo da ɗanyar ciyawa da shinkafa da burodi. Ba ya duka, ba ya zagi sosai, sai dai bai taɓa tambayata ko ina da iyali ba. Mutumin da nake gani bayan shi direban tankar ruwa ne, ɗan Pakistan, wanda yake kawo mini ƙanƙara a leda, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Wata biyar ban yi Hausa da kowa ido da ido ba sai da tumaki. In na hau dutsen da ke bayan garken ina hango kan doguwar hasumiyar agogon da ke jikin Harami. Nakan tsaya in dube ta, in sauko in ci gaba da kwasar taki.

A wata na shida Abu Nayif ya kawo wasu tumaki mata guda talatin, masu kaurin gashi, da lamba a kunne. Ya ce daga jirgin ruwa aka sauke su, daga wata ƙasar sanyi, kuma duk da ciki suka zo. Zafi ya dame su, biyu suka mutu a makon farko.

Ba a jima ba ƙanina ya bugo waya ya ce jikin Baba ya yi tsanani, yana ta kiran sunana. Na haɗa ɗan Larabcin da na koya na roƙi Abu Nayif fasfona da hutun sati uku. Ya ce bayan Hajji. Na sake roƙo, ya ce bayan Hajji. Kwana tara da haka Baba ya rasu. Ranar da Abu Nayif ya zo na gaya masa, ya ce Allah ya ji ƙansa, sannan ya tambaye ni dalilin da kwamin ruwa bai cika ba. Ni kuma na ɗaga yatsa sama na ce da Hausa, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ya tsaya ya dube ni, ya ce me na ce. Ban san yadda zan mayar masa da Larabci ba, na juya na ɗauki tiyo.

Tumakin jirgi suka fara haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata guda ce ta rage, mai baƙin tabo a goshi. 'Yan'uwanta duk sun sauke, ita cikinta sai girma yake yi. Wata ranar Talata da hantsi naƙuda ta kama ta, abin ya ƙi fitowa. Na wanke hannu na sa, na lalubo ƙafafu na ja.

Jikinsa na ɗan tunkiya ne sosai, ƙato, ƙafafu huɗu, gashi a jiƙe. Kan ne ba daidai ba. Ido ɗaya gare shi, babba, a tsakiyar fuska. Babu hanci, sai wata tsoka kamar yatsa da ta fito a saman idon. Haɓarsa ta yi gaba ta lanƙwasa. Yana numfashi da baki, da ƙyar. Na shekara ashirin ina karɓar haihuwar tumaki, na ga mai ƙafa biyar, na ga wanda ya zo babu dubura, amma ban taɓa ganin wannan ba. Na yi salati. Uwar ta juyo tana lasarsa kamar kowane ɗa. Na tatso dakashi a murfin kwalba na ɗiga masa a baki, ya kasa haɗiyewa.

Ina tsugune a wurin Abu Nayif ya iso da ciyawa. Ya leƙo, ya ja da baya har ya bugi shinge, yana ta a'uziyya. Ya dubi ɗan tunkiyar, ya dube ni, sannan ya ɗaga yatsarsa sama yadda na yi ranar nan. Kalma ɗaya ya riƙa maimaitawa, kuma na gane ta: sihiri.

Ya shiga ɗakina ya zazzage jakata. A cikin shafin jakar ya ji wani abu mai tauri, ya farke da wuƙa. Laya ce ƙarama da aka ɗinke da jar fata. Innarmu ce ta sa aka ɗinke ta a ciki ana gobe zan taso, ta ce ta tsari ce. Ni har na manta da ita, kuma ban san abin da aka rubuta a ciki ba. Ya ɗauke ta da bakin wuƙa, ya karɓe wayata, ya tura ni ɗakin sha'ir ya rufe da kwaɗo.

Na san abin da wannan kalma take jawowa a ƙasar. A Hindawiyya na ji labarin waɗanda aka kama da laya, wasu sun yi shekaru a tsare, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Na zauna a kan buhu. Ƙarfen ɗakin ya ɗauki zafi har ba a iya jingina. Na yi taimama a jikin buhu na yi azahar. Ina jin tunkiyar tana kuka a waje, ina jin Abu Nayif yana waya da ƙarfi.

Bayan azahar wata mota ta tsaya. Na ji muryar wani dattijo da ta Abu Nayif suna magana da Larabci, suka daɗe a wajen tumakin. Sannan aka buɗe kwaɗon. Dogon mutum ne baƙi, da furfura, da tabarau, ya sa farar riga irin ta likitoci a kan jallabiya. Likitan dabbobi ne. Abu Nayif ya kira shi ne ya duba ko na lalata sauran garken kafin ya kira hukuma. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce:

"Kai ɗan ina na?"

Ban zaci Hausa ba. Ya miƙo mini gorar ruwa.

"Sha tukuna. Sunana Usman. A Sudan aka haihe ni, kakannina Sakkwatawa na. Gaya mini mi ya hwaru, kada ka rage komi."

Na gaya masa duka, har da yatsa da Allah ya isa. Ya tambaye ni yaushe tumakin suka zo. Na ce wata uku da 'yan kwanaki. Ya tambaye ni yaushe na yi wa kafilin maganar. Na ce bai fi wata biyu ba. Ya gyaɗa kai ya fita, ya ce in biyo shi.

Abin da ya gaya wa Abu Nayif daga baya ya fassara mini. Ya kama kunnen tunkiyar ya nuna masa lambar ƙasar da ta fito. Ya ce cikin tunkiya wata biyar ne, wannan ma ta zarce. Fuskar ɗan kuwa a makonnin farko take haɗuwa, idanu su rabu biyu. In uwa ta ci wani irin tsiro mai dafi a lokacin, ko aka sami wata tangarɗa a halitta, sai idanun su kasa rabuwa. Ya ce lokacin da hakan ta faru tunkiyar tana ƙetaren teku, ni ban taɓa ganinta ba, Abu Nayif ma bai saye ta ba. Ya ciro waya ya nuna masa hotunan wasu 'ya'yan tumaki da 'yan maruƙa masu irin wannan kai, daga ƙasashe daban-daban.

Abu Nayif ya kalli hotunan. Sannan ya nuna layar da ke kan murfin mota. Ya ce to wannan fa.

Dakta Usman ya tambaye ni abin da ke ciki. Na ce ban sani ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗauki almakashi ya yanke fatar, ya warware takardar, rubutun yana fuskantar shi kaɗai. Ya karanta da ƙarfi, ayar Kursiyyu ce, har ƙarshenta. Abu Nayif ya miƙo hannu, shi kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce Alƙur'ani ne, bai kamata ya zauna a garken dabbobi ba, zai kai inda ya dace. Ya ce jahilci ne na ƙauye, ba sihiri ba.

Abu Nayif bai kira hukuma ba. Amma ya ce ba zan sake kwana a garkensa ba, zai yi mini takardar fita ta dindindin. Ya mayar mini da wayata, ya ce Dakta ya tafi da ni da ɗan tunkiyar duka. Na kwashe kayana a jakar da aka farke, na naɗe ɗan tunkiyar a buhu na ɗora a cinya. Kafin mu kai kwalta ya daina numfashi. Dakta ya tsayar da mota, muka tona rami da ƙarfen canza taya, muka binne shi, muka ɗora duwatsu don karnuka.

A unguwar Rusaifa ta Makka yake da kantin maganin dabbobi. Ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiya na baya, ya ce in zauna har takarda ta fito. Washegari da la'asar, bayan masu saye sun ragu, ya haɗa shayi ya ciro takardar ya shimfiɗa a kan tebur. Ayar tana sama. A ƙasanta akwai hatimi, gida-gida, da haruffa da lambobi a ciki.

"Da ya ga wanga," in ji shi, "da ba ni da abin da zan ce. Ban yi ƙarya ba, ban dai karanta duka ba. Kada ka sake ɗaukar abin da ba ka san cikinai ba, ko uwarka ta ba ka."

Ya jiƙa takardar a kofi har rubutun ya narke, ya zuba ruwan a gindin wata bishiya a waje.

Na tambaye shi yadda ya san abin nan da ganin farko. Ya ce a ƙasar Girka ya yi karatun likitan dabbobi, shekara shida, tun yana saurayi. A makarantarsu akwai irin wannan ɗan tunkiya a cikin kwalba. Kuma sunan da likitoci suke kiran cutar, daga sunan wani dodo na mutanen ƙasar aka ciro shi.

"Kiklofas suka ce mai. Ƙato na, awa dutse, ido guda a tsakar goshi. Tatsuniyar jahiliyyarsu ta, tun ba su san Allah ba."

Na ce daga ina dodon ya fito. Ya ce ya danganta da wanda ka tambaya. A tatsuniyar, sama ce ubansu, ƙasa ce uwarsu, su uku aka haifa. Da uban ya ga kamanninsu sai ya ƙyamace su, ya jefa su wani rami can ƙarƙashin ƙasa ya rufe, alhali ba su yi wa kowa komai ba. Sun daɗe a ciki kafin a fito da su, suka zama maƙera, wai su ne suka ƙera aradu. A wata ruwayar kuma makiyaya ne, suna zaune a kogo a wani tsibiri da tumakinsu, ba sa noma, ba su da sarki, baƙon da ya faɗa hannunsu su cinye shi.

Ya ce wannan tatsuniya ke nan. Malamansa kuwa sun kasu. Wasu suna cewa mutanen da sun riƙa tono ƙoƙon kan wata irin giwa da ta ƙare a tsibiransu. Kan giwa yana da babban rami a tsakiya, inda dogon hancinta yake fitowa, wanda bai taɓa ganin giwa ba sai ya ɗauka gurbin ido ne. Wasu suna cewa maƙera ne da suke rufe ido ɗaya saboda tartsatsi. Wasu kuma suna cewa abin da na gani jiya ne, wani makiyayi ya gani a garkensa, ya kai labari gari.

"Kai wanne ka yarda da shi, Dakta?"

"Ban sani ba, ba ni nan. Amma ni likitan dabbobi na, na fi karkata ga na tumaki."

Na ce to shi makiyayin da ya fara gani, me aka yi masa.

Ya kurɓi shayi. "Ba a rubuta ba. Abin da ni sani, da labarin ya zaga ya dawo, dodon da kainai ya zama makiyayi."

Kwana goma sha uku na yi a kantin. Ina share wuri, ina sauke kwalaye, matarsa tana aiko mini da abinci. Ranar Juma'a biyu ya tafi da ni Harami. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da takarda ta fito, direban tasin nan da ya ɗauko ni tun farko shi ya mayar da ni Jidda, ya ba ni fasfona a bakin ƙofar shiga. Dakta Usman ya ba ni lambarsa, na kira sau biyu bayan na dawo, muka gaisa. A na uku aka ce layin ba ya aiki.

A gida na je kabarin Baba, na karɓi gaisuwa a makare, na koma turka raguna da jarin da surukina ya ba ni. Innarmu ta tambaye ni layar, na ce ta ɓata. Labarin ɗan tunkiyar sau ɗaya na ba da shi, a majalisar ƙofar gidanmu, mu biyar. Na faɗe shi yadda ya faru, har da lissafin watanni da maganar tsiro mai dafi.

Bayan kamar wata huɗu, ranar kasuwa, ina tsaye a kan ragunana sai wani mutum da ban sani ba ya ja ni gefe. Ya ce daga wajen Gumel ya zo, ni yake nema. Ya ce ya ji ni ne wanda Balarabe ya zalunta a Makka, na ɗaga yatsa sau ɗaya, tumakinsa ɗari biyu suka haifi 'ya'ya masu ido ɗaya, har aka kore ni daga ƙasar don ana tsorona. Ya ce akwai wani maƙwabcinsa da ya cinye masa gona, kuma yana da shanu.

Na ce masa tunkiya ɗaya ce, kuma da cikinta ta zo daga ƙetaren teku. Na fara yi masa bayanin watanni. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya rage murya, ya ce ya gane, ai ba a faɗar irin wannan a kasuwa, zai same ni a gida.